Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Mai rabin daula da ya koma wa waƙoƙin da ya jingine tun ƙuruciya

A ƙasar Hausa, idan almajiri ya sauke Alƙur'ani, akan kai allonsa wurin gwanin zane ya yi masa zayyana. A ja layuka, a raba gidaje, a cike su da ja da kore da ruwan ɗorawa, har allo ya zama abin nuna wa dangi ranar walima. Kalmar zayyana daga Larabci ta zo, kuma tushenta ɗaya da tazyin, wato ƙawatawa. Da wannan kalma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya raɗa wa wani ɗan littafinsa suna a shekarar 1813: Tazyinul Waraƙat, ƙawata takardu. Shi tasa zayyanar da baitoci ya yi ta.

A lokacin shekarunsa sun doshi 47. Yana zaune a Bodinga, kudu da Sakkwato, ga yammacin sabuwar daula a wuyansa, ga ɗalibai a zaure. Abin da ya zauna ya tattara a wannan littafi kuwa ƙasidun Larabci ne da ya fara yi tun yana saurayi, waɗanda shi da kansa ya nuna a gabatarwar littafin cewa ya daɗe da jingine su, bai haɗa su wuri ɗaya ba, bai kuma damu da yaɗa su ba, don a ganinsa yawancinsu ba su ƙara wa addini wani abin kirki. Malamin shari'a da nahawu da tafsiri ya ɗauki waƙa a matsayin abin gefe. Yau kuwa, duk mai son ya ji yadda jihadin 1804 ya gudana daga bakin wanda ya yi shi, da daɗinsa da ɗacinsa, wannan abin gefen yana cikin abin da zai fara buɗewa.

An haife shi wajajen 1766, shekara goma sha biyu bayan yayansa Shehu Usmanu. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi hannun yayan nasa. A wani littafin da ya rubuta a 1812, Ida'un Nusuki, ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka wurin kowannensu, kuma a cikin abin da ya karanta wurin Shehu akwai Ishiriniya, da littattafan tauhidi da fiƙihu da nahawu, da diwanin mawaƙa shida na zamanin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu da Antara. Wannan na ƙarshen ya bar masa tabon da bai goge ba. Ƙasidunsa sukan buɗe da tsayawa a kufan zango ana tuna waɗanda suka tashi, kamar yadda Larabawan dauri ke yi, cike da kalmomin da sai an nemi ƙamus, sai dai wuraren da yake ambata na ƙasar Gobir da Zamfara da Kabi ne. Ya kuma yi karatu wurin Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da su Sahihul Buhari, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya fi kowa tasiri a tunanin Shehu.

Yana kimanin shekara ashirin aka fara gwada alƙalaminsa a bainar jama'a. Suna yawon wa'azi a ƙasar Zamfara sai wani malamin Borno, Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da baitoci yana kushe yadda mata ke halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umurci ƙanensa ya mayar da amsa. Abdullahi ya amsa da waƙa a bisa kari da ƙafiyar mai sukar, hujjarsa kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi zuwansu wurin karatu muni, matuƙar an kiyaye sutura da iyaka. A wancan zamani waƙa ita ce takardar martani kuma ita ce jarida. Ana haddace ta, a kwafe ta, ta yi tafiyar da mai ita bai yi ba.

Daga nan sai al'amura suka yi sauri. Zaman Ɗagel, taƙaddama da sarakunan Gobir, hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, inda Abdullahi ya zama na farko da ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, aka karya Sarkin Gobir Yunfa, nasarar da jama'a suka kwatanta da ta Badar. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa. A 1805 yana cikin jagororin da suka ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu da zama. A duk waɗannan shekaru bai daina yin waƙa ba, ta murna idan an ci nasara, marsiyya idan an binne abokai. Amma yi yake yana wucewa. Mai takobi a hannu da yunwa a sansani ba shi da lokacin tattara takardu.

Abin da ya fi shafar mai karatu na yau ya faro ne a ƙarshen 1805, a kan hanyar Alwasa. Rundunar jama'a ta faɗa wa garin Kwalde, wanda mutanensa ba sa yaƙi da su, ta washe shi. Shi da Muhammadu Bello suka yi ƙoƙarin hanawa, ba a saurare su ba. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa aka sha kashi mai tsanani, kuma Abdullahi ya ɗauki wannan a matsayin sakamakon abin da hannuwa suka aikata. Tsofaffin abokan karatu na Ɗagel, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito, yawancinsu sun kwanta dama a fagen fama. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su.

Wajajen 1807, ana kan hanyar kai wa Alƙalawa hari, ya yanke shawarar da ba kasafai mai muƙami ke yankewa ba. Wazirin Shehu, babban kwamandan jama'a, ya sulale daga runduna da mutum biyar ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba. Ya ba da labarin cewa sun kwana uku a dawa ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. A cikin wannan tafiya ya yi ƙasidar da ta fi duk sauran nasa zafi. A cikinta ya zayyana mutanen da ya baro: masu burin mallakar garuruwa don jin daɗi da neman girma, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, masu dawakin da ke sukuwa a cikin gari ba a fagen daga ba, masu cin rashawa da dukiyar da ba ta halatta gare su ba, masu sayar da 'ya'ya a kasuwa, alƙalan da suka bi son rai. Ba sarakunan Haɓe yake nufi ba. Mutanensa yake nufi, shekara uku kacal da fara gyaran da aka zubar da jini dominsa.

Bai wuce Kano ba. Jama'ar can, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi suka nemi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, shi kuwa ya ga irin cutar da ya gudo ita ce ya tarar. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafi kan naɗa shugaba da haƙƙoƙin da ke kansa, da aikin waziri da alƙali da sauran ma'aikata, da hukuncin kyautar da ake kai wa mai muƙami. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya daidaita alƙiblar masallatai. Ya ce sun karɓi gyara har sun farfasa kayan kiɗa, sun mayar da icen tambura komin zuba wa dawaki abinci. Sannan ya juyo gida. Za a iya cewa gudun bai yi nasara ba, tunda ya koma cikin tafiyar da ya tsine wa halinta, ya ci gaba da jagorantar yaƙi har ƙetaren Kwara, ƙasar Gurma. Za a kuma iya cewa ba don gudun ba da babu littafin da ya zama madogara ga sarakunan daular tsawon ƙarni guda. Duka biyun gaskiya ne.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Wajajen 1810 Shehu ya tashi daga Gwandu ya zauna Sifawa, Bello yana gina Sakkwato, Abdullahi kuma ya sauka Bodinga, kusa da yayansa. Sifawa a yau tana cikin ƙaramar hukumar Bodinga ne. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Waɗannan shekaru na Bodinga, waɗanda suka sa har ake kiransa Mai Bodinga, su ne mafi albarka ga alƙalaminsa. A cikinsu ya rubuta Liya'us Sulɗan da Ida'un Nusuki da Tazyinul Waraƙat, ya kuma kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wajajen 1815.

Ba zaman lafiyar tunani ba ne gaba ɗaya. Wa da ƙane, garuruwansu na kallon juna, suna muhawara ta hanyar littattafai. Abdullahi ya tsananta kan sarautu irin na da, da sanya alharini da zinari, da kaɗe-kaɗe, yana ganin ta nan mulkin gado da fankama za su dawo ta bayan gida. Shehu, a Najmul Ikhwan, ya sassauta, yana nuna inda malamai suka yi saɓani bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Abdullahi ya bi wasu daga cikin hujjojin yayansa ɗaya bayan ɗaya a Liya'us Sulɗan ya bayyana inda bai gamsu ba, cikin ladabin ɗalibi ga malaminsa, amma bai janye ba. Shehu kuma, a wannan littafin nasa, ya shawarci jama'a su karanta rubuce-rubucen ƙanensa domin shi ne mai kula da tsare zahirin shari'a, su karanta na Bello domin shi ne mai kula da ilmin siyasa. Abin lura ne ga masu ganin saɓa wa jagora daidai yake da cin amana.

A tsakiyar wannan hali ne ya waiwayi tsofaffin baitocinsa. Ya kamata a tuna abin da rubuta littafi yake nufi a lokacin. Takarda daga ƙetaren Sahara take zuwa, yawancinta ƙirar Italiya ta hanyar Tarabulus, kuma tsada gare ta. Alƙalami na kara ne, a fiƙe shi da wuƙa, tawada a dafa ta a gida da ƙaro. Littafi ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a jere a cikin gafaka, kowace takarda da kalmar da za ta sada ta da mai bi mata a ƙasan shafi. Kowane kwafi sai wani ya zauna ya rubuta shi da hannu. Malamin da ke da fatawoyi a gabansa da tafsirin da bai ƙare ba, in ya ware takarda da kwanaki saboda waƙoƙin samartaka, to ya sake auna darajarsu ne.

Hanyar da ya bi ita ce ta mayar da tarin waƙoƙi tarihi. Ya jera ƙasidun bisa lokacin da aka yi su, kafin kowace ɗaya ya rubuta sababinta a zube: ina ake, me ya faru, wa ya rasu, wa ya aiko da me. Da haka mai karatu yake bin sa daga zauren karatu zuwa fadar Bawa Jan Gwarzo a Magami, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki ya nemi 'yancin wa'azi da sauƙaƙa wa talakawa haraji, zuwa Gudu da Kwatto da Alwasa da dajin giwaye da Kano. Muryoyi biyu ke tafiya tare a littafin. Akwai saurayin da ya yi waƙar a cikin zafin abin, akwai dattijon da ke zaune a Bodinga yana bayanin abin da saurayin bai sani ba tukuna. Mai shekara ashirin ba zai iya rubuta wannan littafi ba, mai shekara 47 kuma ba zai iya ƙirƙiro waɗancan baitoci daga baya ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne abin da bai cire ba. A 1813 shi ne mai yamma. Da yawa daga cikin waɗanda ƙasidar hanyar Kano ta shafa suna raye, wasu suna riƙe da tutoci da garuruwa, wasu ma a ƙarƙashinsa suke. Mai mulki da ke tattara tarihin kansa yakan zaɓi nasarori ya bar sauran ga mantuwa, kuma babu wanda zai tuhume shi da ya bar waƙar ta ɓace a dawa inda aka yi ta. Sai ya sa ta a ciki, tare da labarin sulalewarsa daga runduna, abin da wani kwamandan zai ɓoye har kabari. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, kuma ya fi Tazyin faɗi da tsari wajen ba da labarin yaƙe-yaƙe. Amma wanda ke neman yadda juyin ya fara cin kansa tun yana jariri, wurin baffan zai same shi a fili.

Ba a rasa irin wannan a wasu ƙasashe, manyan masu mulki su koma wa wata fasaha da girmansu. Winston Churchill na Birtaniya ya kama fenti da burushi a 1915, yana shekara 40, bayan an raba shi da kujerar ministan sojan ruwa, ya kuma bar zane sama da 500. Amma shi filaye da koguna da lambuna ya yi ta zanawa don zuciyarsa ta huta da siyasa. Abdullahi da ya koma wa tasa fasahar, cikin siyasar ta ƙara tsunduma shi.

Littafin yana da iyakarsa, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Labarin wanda ya ci yaƙi ne. Gobirawa da Kabawa da mutanen Gurma da aka ci garuruwansu aka kama 'ya'yansu ba su da murya a ciki, sai a matsayin abokan gaba da Allah ya tarwatsa. Fushin Abdullahi a kan bautar da wanda shari'a ta hana a bautar ne, bai kai ga ita kanta bautar ba. Larabcinsa kuma mai tsauri ne, na malamai, wanda manomin Bodinga ba zai fahimta ba ko an rera masa. Waƙoƙinsa na Fulatanci, waɗanda jama'a suka fi ji, ba su shiga wannan tari ba.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a Afrilun 1817. Labarin da ya shahara shi ne Abdullahi ya taso daga Bodinga da jin rasuwar, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Mutumin da ya fara miƙa hannu a Gudu, wanda ya rubuta ƙa'idojin zaɓen shugaba da shawara, aka yanke zancen ba da shi ba. Ya juya ya nufi Gwandu, kudu maso yamma, ta yankin da babbar hanyar mota ke ratsawa a yau daga Bodinga zuwa Shagari da Tambuwal. Wannan yanki bai daina haifar masu haɗa mulki da waƙa ba. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna Tambuwal, mawaƙin Larabci ne, kuma bayan fiye da ƙarni guda wani malamin makaranta daga Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya yi Waƙar Nijeriya tun kafin ya shiga majalisa, balle ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Tsakanin baffa da ɗa aka yi shekaru ana zaman doya da manja. Abin da ya kawo ƙarshensa shi ne tawayen Kalambaina, kusa da Gwandu, inda ragowar mutanen Abdussalami suka taru bayan an ci Kware. Abin ya fi ƙarfin Abdullahi shi kaɗai, Bello ya taso da runduna wajajen 1820 aka ci garin tare. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ya kuma amince da Giɗaɗo ɗan Laima a matsayin waziri, muƙamin da shi ya fara riƙewa.

Bayan wannan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki da yaƙi, ya koma zaure. A 1822 ya taƙaita tafsirinsa ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan saboda ɗaliban da babban ya yi musu nauyi. Waƙa kuwa bai sake jingine ta ba, sai ma ya ɗora mata kaya: ilmin nahawu ya zuba shi a baitoci a Baharul Muhiɗ, sarfu a Hisnur Rasin, don ɗalibi ya haddace. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1829, a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu, kuma zuriyar malamin da ya fi kowa tsoron mulki ya zama gado ita ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, fadarta a Birnin Kabi.

Tazyinul Waraƙat ya ci gaba da yawo a gafakokin malamai, ana kwafarsa da hannu shekara 150, har zuwa 1963 da Jami'ar Ibadan ta buga shi da Larabcinsa da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunan Abdullahi yake ɗauke da shi.